Duwatsun Abzin da Gandun Dajinsu: Abin da Ya Kamata Makiyayi Ya Sani



Iyayenmu sarakuna, shugabannin rugage, dattawa, iyayenmu mata masu kiwon awaki, ƴan'uwa makiyaya da fataken bisashe, muna yi muku barka da zuwa, muna kuma gaishe ku da gajiyar hanya. Mun san akwai wanda ya baro garkensa a hannun yaro, akwai wanda ya bar cin kasuwa don ya zo nan. Allah ya saka da alheri.

Maganarmu ta yau a kan duwatsun Abzin take, waɗanda masu wurin ke kira Ayar, da kuma gandun dajin da gwamnati ta kafa a cikinsu. Wani zai ce: ni da nake kiwon shanu a ƙasar Dakwaro ko Tanut, ko nake sayen raguna a kasuwar Abalak, ina ruwana da dutsen da ban taɓa gani ba? Ruwanka uku ne. Ruwan da ke sauka daga waɗannan duwatsu shi ke shayar da filayen da muke kai bisashe lasar gishiri a ƙasar Ingal. Kantun gishirin da muke saya a kasuwa, raƙuman da suka yi kiwo a kwarurukan Abzin ne ke ɗauko shi daga Bilma. Na uku, dokar da aka gwada a can, ita ce za a iya kawo mana gobe a makiyayarmu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Yadda ƙasar take

In mutum ya bar Agadas ya nufi arewa, ba ya daɗewa sai fili ya ƙare, duwatsu su fara. Abzin tudu ne mai faɗi, tsawonsa daga kudu zuwa arewa ya kai tafiyar kwanaki da yawa a kan raƙumi. A bisa wannan tudu akwai manyan duwatsu da suka tashi ɗaya ɗaya, kowane da sunansa. A kudu akwai Bagzan, inda ƙololuwar da ta fi kowace tsawo a Nijar take, mita 2,022. A saman Bagzan akwai garuruwa da garake da rijiyoyi, mutane na zaune can da jakunansu da awakinsu. Can gaba akwai Takolokuzet. Kusa da Iferwan akwai Tamgak, mai bango kamar ganuwa da ramuka masu zurfi. A arewa akwai Gerebun, mita 1,944, wanda ke kallon Tenere.

Mafi yawan duwatsun nan baƙaƙe ne ga ido, rana ta ƙone bayansu. A wasu wurare ana ganin inda wuta ta taɓa fitowa daga cikin ƙasa a zamanin da, ta daskare ta zama baƙin dutse mai kaifi da ke cin ƙafar raƙumi. A Tafadek, arewa da Agadas, har yau ruwan zafi na fitowa daga ƙasa, mutane na zuwa wanka don neman sauƙin ciwon gaɓoɓi.

Ta gabas kuwa, dutse ya yi karo da rairayi. Iskar da ke busowa daga arewa maso gabas ita ke turo yashin Tenere har gindin duwatsu. A Temet, ƙarƙashin Gerebun, tudun rairayi ya kusa mita 300 tsawo. A Arakaw duwatsu sun yi da'ira mai buɗaɗɗen baki, yashi ya shiga ta nan ya kwanta a ciki. Daga nan in ka ci gaba gabas, babu inuwa, babu ciyawa sai jefi jefi, har ka isa Fashi da Bilma.

Wanda ya san zafin bazara na kudu kada ya zaci haka Abzin take duk shekara. A watan Janairu, a saman duwatsu, ruwa na iya daskarewa da dare. Masu wurin sun san lokacin hawa da lokacin sauka da bisashensu.

Ruwa

Ruwan sama kaɗan ne. A ƙasar Iferwan, a mafi yawan shekaru ba ya kai milimita 100, kuma yana zuwa ne tsakanin Yuli da Satumba, a ƴan kwanaki ƙalilan. A Tenere shekaru na iya wucewa ba a ga ɗigo ba. To, yaya aka yi ake samun itatuwa da garake da bisashe a irin wannan ƙasa?

Asirin a jikin dutse yake. Dutse ba ya shan ruwa. Duk abin da ya sauka a kansa yana gangarowa, ya taru a kwari, ƙorama ta tashi cikin sa'a ɗaya, ta yi gudu kwana ɗaya ko biyu, ta ɗauke. Amma ruwan bai tafi duka ba. Yashin kwarin ya sha, ya ajiye a ƙarƙashinsa. Shi ya sa a bakin ƙorama ake gina rijiya a samu ruwa kusa, shi ya sa saiwar itace ke samun danshi har tsakiyar rani. Ruwan fili mai faɗi ne ya taru ya shayar da siririn kwari.

A cikin tsagin duwatsu kuma akwai ramukan da ke riƙe ruwa, inda rana ba ta kai musu sosai. Abzinawa na kiransu agelmam. Wasu na ƙafewa bayan ƴan watanni, wasu na kai wa shekara. Wanda ya fi suna shi ne na Timiya, inda ruwa ke zubowa daga saman dutse bayan damina. Nan awaki ke sha, nan ragon dutse ke sha da dare.

Ƙoramun da suka nufi gabas, irin su Zagado, suna mutuwa cikin rairayin Tenere. Waɗanda suka nufi yamma da kudu su ne namu. Telwa ta bi ta Agadas. Ita da ƴan'uwanta suna zuba ruwansu a filayen Irazer da Talak, ƙasar laka mai gishiri da ciyawa mai kyau. Can Abzinawa da Fulani Wodaɓe ke haɗuwa a ƙarshen damina, a ƙasar Ingal, bisashe su sha ruwan gishiri su wanke ciki. In aka sare itatuwan kwarurukan sama, ruwa zai zo da gudu ɗaya, ya yaga gaɓa, ya wuce bai shiga ƙasa ba. Mutanen Agadas ba su manta da farkon watan Satumba na 2009 ba, da ruwan duwatsu ya sauko ya rushe gidaje masu yawa.

Itatuwa da ciyawa

Makiyayin kudu in ya shiga kwarin Abzin zai ga itatuwan da ya sani: aduwa, jiga, magarya, bagaruwa, gawo a inda ruwa ya fi kusa, goruba a kwarurukan kudu, tumfafiya a inda ƙasa ta gaji. Amma sarakunan wurin su ne itatuwan ƙaya guda biyu da ake kira afagag da tamat. Ganyensu da furensu da ƴaƴansu su ke riƙe akuya da raƙumi daga ƙarshen sanyi har faɗuwar ruwa. Matan da ke kiwon awaki suna yawo da doguwar sanda mai ƙugiya, su girgiza reshe, ƴaƴan itace su zubo, awaki su tsince. Reshen na nan, baɗi ya sake bayarwa. Da wannan nono ake yin cukun da muke saya a kasuwa.

Cikin ciyayi akwai afazo, mai tushe da ƙarfi, wadda ake tabarma da ita, raƙumi kuma na cin ta. A shekarar da ruwa ya kai bakin Tenere, alwat na fitowa da sanyi, ganye mai ruwa da raƙumi kan yi kwanaki yana ci bai nemi rijiya ba.

A can saman duwatsu akwai abin mamaki: itacen zaitun na daji, ɗan'uwan wanda ake nomawa a ƙasashen Larabawa na bakin teku. Saura ne daga zamanin da ƙasar ke da ruwa. Tsofaffin itatuwa ne, ƙananansu ba su cika tasowa ba. In aka sare ɗaya, babu mai maye gurbinsa. Haka kuma akwai gero da dawa na daji, dangin waɗanda muke ci.

A bakin ƙoramu kuwa akwai garake. Da can raƙumi ko sa ke jan guga a rijiyar da ake kira tekarkart, yanzu injin ban ruwa ya yawaita. Ana noman dabino, alkama, masara, albasa, tafarnuwa, dankalin Turawa, a Timiya har da lemo da rumman. Mai garka da mai garke a Abzin galibi gida ɗaya ne: wa na garka, ƙane na ayari, uwa da ƴaƴa mata na wurin awaki.

Namun daji

Masu bincike sun ƙidaya namun daji masu shayarwa iri 40 da tsuntsaye iri 165 a cikin gandun. Akwai ragon dutse, barewa, rema, dila, yanyawa, jan biri, tuje. Lokacin da aka kafa gandun, an ƙiyasta ƙananan bareyi wajen 12,000, ragunan dutse wajen 3,500. Babbar barewa mai farin ciki da jan wuya, wadda masana ke kira dama, ba ta wuce 170 ba tun a lokacin. Yau ƴan kaɗan suka rage a dutsen Takolokuzet, kuma suna cikin na ƙarshe a duk duniya.

Jimina mai jan wuya, wadda dattawa suka saba gani tana kiwo kusa da raƙuma, an gama da ita a dajin Abzin. Waɗanda suka rage suna cikin shinge a Iferwan da Kelle, ana kiwonsu da fatan wata rana a sake su. Farar dabbar rairayi mai murɗaɗɗen ƙaho, wadda Abzinawa ke kira amellal, Turawa na ce mata adaks, ita aka keɓe wa wuri na musamman a cikin gandun, amma ta ɓace daga can. A 2016, da aka bi ta sama da ta ƙasa ana nemanta a yankin Termit da Tin Tumma, guda 3 kawai aka gani.

Mun riga gandu zuwa

Akwai masu cewa makiyayi baƙo ne a daji, shi ke ɓata shi. Duwatsun Abzin da kansu sun ba da shaida. A jikinsu akwai zane da mutanen da suka sassaƙa: raƙuman dawa, giwaye, jiminu, da shanu masu dogon ƙaho, da mutane na biye da su. A Dabus, kan hanyar Arlit, akwai zanen raƙumin dawa da ya fi mita 5 tsawo. A 1970, a Adrar Bus, bakin Tenere, masu tonon tarihi sun samu ƙasusuwan saniya ta gida cikakkiya, wadda ta fi shekara 4,000 a ƙasa. Wato inda yau babu ko tsinke, an taɓa tatsar nono.

Tarihin Hausa ma ya ratsa ta nan. Gobirawa na cewa a Abzin kakanninsu suka zauna kafin su gangaro kudu. Ayarin Kel Ewe kuwa ɗaruruwan shekaru ke nan yana bin hanya ɗaya. A wajen Oktoba raƙuma su tashi daga Abzin ɗauke da gero da damman ciyawar da za su ci a hanya, su ƙetare Tenere zuwa Fashi da Bilma, su ɗauko gishiri da dabino. Su huta, sannan su gangara Damargu, Tasawa, Damagaram, har ƙasar Kano. Raƙuma su ci karan gonaki, su bar taki, a sayar da gishiri a sayi hatsi. Duk wannan tafiya a kan ciyawar Abzin ta dogara. Ran da babu ciyawar ɗaurawa, babu ayari.

Saboda haka namun dajin da Turawa suka tarar suka yi mamaki, tare da mu suka rayu duk tsawon wannan zamani.

Dokar 1988

Bayan farin 1973 zuwa 1974, da na 1984 zuwa 1985, wanda ya kashe bisashenmu ya kuma kashe namun daji, gwamnatin Nijar ta kafa gandun Ayar da Tenere a watan Janairu na 1988. Faɗinsa hekta 7,736,000, wato ya kusa ninka jahar Maradi sau biyu. Wajen kashi biyu cikin biyar duwatsu ne na gabashi da arewacin Abzin, sauran rairayin Tenere ne. Ba duk Abzin ke ciki ba. Ofishin gandun a Iferwan aka sa shi. A 1991 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya.

Ga abin da muke so kowa ya riƙe. Gandun kashi biyu ne. A tsakiya an keɓe hekta 1,280,500, wajen kashi ɗaya cikin shida, domin adaks. Nan ba a shiga sai da izini, kuma rairayi ne da makiyaya ba su cika zuwa ba. A sauran gandun kuwa ba a tashi kowa ba. An bar mutane a garuruwansu da rugagensu, su yi kiwo, su yi garka, su tsinci busasshen itace, su ɗebi magani. Abin da aka hana shi ne farauta da ɓarnar ɗanyen itace.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A wurare da yawa na Afirka, in aka ce gandu, abin da makiyayi ya sani shi ne kora da tara da kama shanu. A Abzin an rubuta a takarda cewa mutum da dabbarsa da naman daji na iya zama wuri ɗaya. In wannan gwaji ya yi kyau, hujja ce a hannunmu ko'ina. In ya lalace, za a ce ai ga shi, an bar makiyaya ciki sun cinye.

Abin da ya biyo baya

Gandun bai samu zaman lafiya ya daɗe ba. Tawaye ya tashi a arewa a farkon shekarun 1990. A 1992 aka kama wasu ma'aikatan gandun aka tafi da su, aiki ya tsaya, a wannan shekara kuma UNESCO ta sa wurin cikin jerin waɗanda ke cikin haɗari, inda ya shafe fiye da shekara 30. An sa hannu kan sulhu ran 24 ga Afrilu 1995. A Fabrairu 2007 wani tawayen ya fara da harin Iferwan, bai lafa ba sai 2009. Nakiyoyin da aka binne a hanyoyi sun hana mutane da bisashe zirga-zirga, mutanen Iferwan da yawa suka bar garinsu na wani lokaci.

A irin waɗannan shekaru ne mota da bindiga suka yi wa namun daji illa. Barewar da mai raƙumi ba ya iya cim mata, mai mota na bin ta har zuciyarta ta buga. Daga 2014 kuma aka samu zinariya a Jado da Cibarakaten, daga baya har cikin Abzin. Dubban mutane suka shigo, kowa na bukatar itacen girki, ruwa da nama. Ga ramukan da ake bari a buɗe, raƙumi ya faɗa da dare. Ga magungunan wanke zinariya masu guba, waɗanda in suka shiga ruwan kwari babu mai fitar da su.

Garuruwan Agadas da Arlit sun girma, suna jan gawayi da itace da ciyawa daga nesa. Injin ban ruwa ya sa garake sun faɗaɗa zuwa bakin ƙorama, inda da inuwar awaki ce, ruwan rijiyoyi kuma na yin ƙasa. Ga wani baƙon itacen ƙaya, furozofis, da aka kawo don tsayar da hamada, ya cika wasu kwaruruka ya danne na gida.

Mu kuma duba maƙwabta. An kafa gandun Termit da Tin Tumma a 2012, a 2019 aka sake masa iyaka saboda haƙar man fetur. Darasin a fili yake: iyakar da ba ta motsawa don akuya, tana motsawa don mai. Amma akwai labari mai daɗi daga Cadi. Mariri, wanda aka bayyana ya ƙare a daji a 2000, an fara sake shi a 2016 a gandun Wadi Rime da Wadi Ashim, ƙasar da makiyaya ke kiwo da raƙuma da shanu. Ya hayayyafa har a 2023 aka cire shi daga jerin waɗanda suka ƙare a daji.

Namu laifin

Ba za mu tsaya nan muna nuna wasu da yatsa mu manta da kanmu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A cikinmu akwai mai sare kan itace gaba ɗaya don awaki su ci yini guda. Akwai mai sa wa mushe guba don dila, guba ta kashe dila ta kashe ungulu ta kashe karen maƙwabci. Akwai mai nuna wa baƙin mafarauta inda ragon dutse ke shan ruwa, saboda abin da bai kai kuɗin akuya ba. A cikin fatake akwai mai aika mota ta kwashe ciyawar kwari tun tana ɗanya, a kai gari a sayar wa masu turka, a bar masu wurin da ƙasa tsirara. Akwai mai sayen ɗan barewa ya kai wa mai kuɗi ya ɗaure a gida. Duk wanda ya yi haka, wuƙa ya miƙa wa masu son a kore mu.

Abin da doka ta ba mu

Dokar karkara ta ran 2 ga Maris 1993 ta amince cewa makiyayi na da haƙƙin fifiko a ƙasar zamansa ta asali, inda ya saba komawa kowace shekara, ko da yake ba ya hana wani shan ruwa ko wucewa. Dokar 1997 ta fayyace wannan. Dokar kiwo ta ran 20 ga Mayu 2010 ta ce yawon kiwo haƙƙi ne na asali, wajibi ne gwamnati da ƙananan hukumomi su kare shi. Ta hana wani ya mallake filin kiwo na jama'a shi kaɗai, ta kuma sa ƙa'ida a kan kwasar ciyawa. Dokar farauta ta 1998 ita ke hukunta masu kashe namun da aka hana. Akwai kwamitocin kula da filaye, waɗanda muka fi sani da Kofo, kuma makiyaya na da kujera a cikinsu. Kujerar da ba a zauna ba, wani ke jawo ta.

Abin da muke nema, da abin da muka ɗauka

Ga hukuma, muna neman abu biyar. Na ɗaya, a fassara dokar gandun da Tamajak da Hausa da Fulfulde, a karanta ta a rediyo, kowa ya san abin da aka hana da abin da aka bari. Na biyu, duk tarar da za a ci mutum a ba shi takarda, ya san laifinsa da inda kuɗin za su. Na uku, kada a ba da izinin haƙar ma'adini ko buɗe sabuwar garka a kan rijiya, mashaya ko hanyar ayari sai an zauna da masu kiwon wurin, kuma wanda ya tona rami ya rufe shi. Na huɗu, in za a ɗauki masu tsaron gandu, a fara da ƴaƴan wurin, waɗanda suka san sawun kowace dabba da kowace mota. Na biyar, doka ta hau kan mai mota da bindiga kamar yadda take hawa kan mai sanda.

Mu ma ga namu alkawari. Mu girgiza itace, kada mu sare shi. Mu bar guba. Mu bar wa namun daji ramukan ruwa na can cikin dutse, kada mu kwana a bakinsu. In mun ga mafarauta mu sanar da shugabanninmu da ma'aikatan gandun daji. Fatake su daina sayen naman daji da ƴaƴansu, su daina lodin gawayin ɗanyen itace, su tambayi inda aka kwaso ciyawa kafin su biya. Wanda ya zo daga kudu da garke a shekarar fari, ya fara gaida masu wurin, ya tambayi rijiyar da zai sha da kwarin da aka bari don bazara. Mu kuma tura wakilanmu Kofo, maza da mata, domin a Abzin mata ne suka fi kowa sanin halin da itatuwa ke ciki.

Ƴan'uwa, a da akwai wani itacen ƙaya guda ɗaya a tsakiyar Tenere, a bakin rijiya, kan hanyar Bilma. Ayari bayan ayari sun sauka a gindinsa, da sanyi da yunwar raƙuma, ba wanda ya karya reshensa ya hura wuta, ba wanda ya bar raƙuminsa ya ci. A 1973 wani direba ya buge shi da mota ya faɗi. Gangar jikinsa na gidan tarihi na Yamai, a gurbinsa an kafa na ƙarfe. Duk wanda ya ce makiyayi bai san tattalin daji ba, ku ba shi wannan labari. Mu kuma mu tambayi kanmu ko mun riƙe halin waɗancan madugai.

In kun koma, ku isar da wannan magana ga waɗanda ba su samu zuwa ba, a bakin rijiya da kasuwa da wurin suna. Wanda ke da ƙorafi kan tara, ko rijiya, ko hanyar da aka toshe, ya kawo wa wakilin ƙungiya na yankinsa, da rana da wuri da shaidu, don mu bi shi ta hanyar doka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raya bisashenmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.